Igiyar da Baba Ya Aiko Gonar Teku

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da igiyar rama ta tona mini asiri a Guangzhou, gaban mutumin da ya fi kowa kusa da mahaifina.

Karatun injiniya ya kawo ni China. A shekara ta biyu lissafi ya kayar da ni, makaranta ta sallame ni, na koma tafinta a kasuwar Tianxiu, ina raka 'yan kasuwarmu shago-shago. Ban gaya wa Baba ba. Duk sanda ya kira daga garinmu Kura sai in ce na gama, har na samu aiki a gonar igiyar ruwa: injuna ne ake jerawa a teku, igiyar ruwa ta ɗaga su ta sauke, su ba da wutar lantarki. (Wannan ɓangaren gaskiya ne, mun karanta shi a aji. Ni ne dai ba na ciki.)

Baba manomi ne, da rani kuma yana tufka igiya. Kalma biyu kawai ya riƙe cikin bayanina: gona da igiya. Ya dinga gaya wa mutanen masallaci ɗansa ya gaje shi ta ko'ina.

Sai amininsa Alhaji Sabo ya zo sarin atamfa. Muna gaisawa ya ce, "Ɗana, babanka ya ce kada in dawo ban ga gonar nan da idona ba. Akwai kuma saƙo, a can zan ba ka."

Da ina da hankali, a nan zan faɗi gaskiya. Maimakon haka sai na kai shi wani baje kolin kayan lantarki, inda na san an ajiye ƙaramin samfurin injin a cikin akwatin gilashi. Na sa kwat (ta aro), na tsaya ina nuni da yatsa. "Alhaji, wannan namu ne. Babban yana teku, sai da izini ake zuwa."

Alhaji ya jinjina kai, ya buɗe jakarsa, ya fito da igiya a nannaɗe, sabuwa fil, har da ƙanshin rama.

"Ya ce ya ji da igiya kuke aiki, kuma igiyar kanti ba ta jure ruwa. Wata biyu yana tufka ta, ga hannun ba ya riƙo kamar da. Ya ce ka ba shugabanku."

Kafin in buɗe baki, matar da ke kula da wurin ta ƙaraso. 'Yar ajinmu ce ta da. Ta kira sunana da murna, tana tambaya da Sinanci ina na shiga tun da na bar makaranta. Alhaji bai ji ko ɗaya ba, amma ya nuna ni, ya nuna injin, ya jefa mata 'yar Sinancinsa ta kasuwa: "Laoban?" Wato ni ne maigida a nan?

Ta yi dariya, ba da mugunta ba. "Meiyou, meiyou."

Ba ɗan kasuwar da ya taɓa taka Guangzhou da bai san kalmar nan ba. Ma'anarta "babu". Alhaji ya dube ni, ni kuma na dubi takalmina, igiyar tana hannuna. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba Alhaji nake jin kunya ba, hannun Baba nake gani.

Muka kamo jirgin ƙasa muka dawo. Sai da za mu rabu ya ce, "Ni ba zan faɗa masa ba. Kai za ka faɗa."

Na ce to. Na ce sai mako mai zuwa, sai bayan sallah, sai na samo kalmomin da suka dace. Baba ya rasu ina kan neman kalmomin.

Da na kira Alhaji muka yi wa juna ta'aziyya, ya ce abu ɗaya Baba ya tambaye shi da ya koma: "Ta riƙe kuwa?" Shi kuma ya ce masa ta riƙe.

Ta riƙe ɗin. Tana ɗakina a unguwar Sanyuanli, na ɗaure ta daga taga zuwa ƙofa ina shanya, kuma shi ne aikin injiniya ɗaya tilo da na yi a ƙasar nan. Abin da na koya: in za ka yi wa tsoho ƙarya, kada ka yi ta da kalmar sana'arsa, domin tashi zai yi ya taimake ka.