Injin da Ya Sha Hayaƙin Totuwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Dallatu na bakin fadama, arewa da Ɗanbatta, yake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar injinsa na ban ruwa, wanda ya cika ranar Talata da hantsi, yana tsakiyar aiki.

Marigayin ya shekara goma sha ɗaya yana jan ruwa, bai taɓa tambayar gonar waye ba. Da fetur ya gagari talaka, Malam Dallatu ya haɗa duro da bututu, yana turara totuwar masara a ciki, iskar da ta fito ita injin yake sha. Ya karɓi wannan cima ba gardama. Tuk-tuk-tuk ɗinsa ne kawai ya ɗan yi kauri.

Ciwon ajalinsa kwalta ce, baƙin danƙon nan da yake biyo hayaƙi ya liƙe a ciki. Maigidan ya san da ita. Kullum yakan tara farin ƙyalle a bakin bututu, ya ƙirga ɗari, ya duba. In ya fito ruwan ƙasa, lafiya lau. In ya yi baƙi, sai a kashe a wanke.

Makon jiya busasshiyar totuwa ta ƙare, saura mai danshi, ƙyalle ya fito kamar gindin tukunya. Ranar ce kuma Inna Furera, wadda mijinta ya rasu ya bar mata fangalin albasa, ta tsaya a kansa ta ce, "Dallatu, ganyen fa ya fara kwanciya. Ko sai na durƙusa maka?" Malam Dallatu ya ninke ƙyallen ya sa a aljihu, ya ja injin zuwa fangalinta. Washegari bai auna ba. Kwana huɗu bai auna ba. A na biyar injin ya yi tari sau biyu, ya ce fuuu, ya yi shiru.

Har yanzu maigidan bai yi kuka ba. Yana dai zaune yana juya magana ɗaya: wanda ya ga awo ya kau da kai saboda tausayi, kisa ya yi ko sadaka? In sadaka ce, da ran wa aka yi ta?

Marigayin ya bar duro guda, da tiyo mai faci bakwai, da albasar da ba ta ƙosa ba.

Za a yi masa wanka da kananzir gobe Alhamis bayan la'asar, a kai shi makwancinsa a bayan rumbu, a lulluɓe da buhu. 'Yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe kada su wahalar da ƙafarsu. Masu zuwa gaisuwa kuwa su zarce fadama, kowa da bokitinsa, don Inna Furera tana da sauran ban ruwa uku.