Yadda Za Ka Ci Gwajin Ido Alhali Ba Ka Ganin Allon

Idan a wurin aikinku an ce duk direban da bai ci gwajin ido ba ya ajiye makulli, kai kuma ka san tun bara kake gaida turken lantarki da "ina kwana", kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, nasara tabbas ce. Kawuna, wanda ya shekara ashirin da biyu yana jan motar ma'aikata, su ya bi, kuma a gabana aka yi komai.

1. Ka san abokin gabarka

Ido ba komai ba ne illa ƙwallon ruwa mai taga. Haske yana shiga ta ɗan baƙin nan na tsakiya, ya ratsa wani gilashi da aka halicce ka da shi, ya faɗa bangon baya a kife. Ƙwaƙwalwa ce ke miƙar da hoton. Saboda haka in ba ka gani, idonka ba shi da laifi, ƙwaƙwalwa ce ta yi lalaci. Faɗa wa duk wanda ya tambaya.

2. Haddace allon

Kawu ya je asibitin ido kwana uku a jere, wai rakiya ya yi. Ya zauna a bakin ƙofa yana sauraron abin da mutane ke karantawa, har ya haddace layi bakwai. Kuskurensa ɗaya: duk waɗanda ya saurara ba su fi shi gani ba.

3. Kada ka ƙanƙance ido

Likita na lura da wannan. Ware su sosai kamar an taka maka ƙafa. In hawaye ya zubo, ka ce tausayin marasa lafiya ne.

4. Karanta da gadara

Likitar ta rufe wa Kawu idon hagu, ta ce ya fara. Ya gyara zama, ya zubo layi bakwai ba numfashi. Da ya gama, ta ce:

"Baba, allon yana can gefe. Wannan kalanda ce."

Ya ce ai ya sani, ɗumama ido yake yi.

5. In ta ɗauko fitila, ka saduda

Ta ɗiga masa magani, baƙin idon ya buɗe, ta leƙa ciki. Kawu ya roƙe ta da kada ta faɗa wa manajansu abin da ta hango a ransa. Ta ce ita yanar ido kawai ta gani, wadda ta rufe gilashin idon kamar an zuba madara a ruwa, kuma cire ta ba zai kai rabin awa ba. Ya tambaya a hankali ko zai sake riƙe sitiyari. Ta ce fiye da da.

6. Da ka warke, kama bakinka

Aka yi aiki, aka cire bandeji, manaja ya mayar masa da makulli. Ya shiga gida yana murna, ya tsaya ya ƙare wa matarsa kallo.

"Ke kuwa yaushe kika yi furfura haka?"

Ta ce shekara shida ke nan, kuma tun da idon ya dawo, sai ya yi amfani da shi ya nemo inda ake ajiye tukunya. Mako biyu Kawu yana girka wa kansa.

Gargaɗi: duk abin da ya same ka a asibiti, a titi ko a ɗakin girki, babu ruwana. In kuma ka ga kuskure a rubutun nan, ka gyara da kanka. Ni ban iya sake karanta shi ba, haruffan sun yi ƙanana.