Ranar da Na Tsinci Ciyaman a Kan Bishiyata

Ranar Asabar da aka buɗe farautar barewa, ni Norbert Zielke, ɗan shekara sittin da takwas, wanda ya shekara talatin yana jan tankar madara a hanyoyin gundumar nan bai taɓa ɓatan kai ba, na ɓatar da bishiya. Ba kuwa 'yar ƙarama ba. Tsohuwa ce, mutum biyu ba sa rungume ta, kuma ni da hannuna na ɗaure kujerar dako, wadda maharbi ke zama a kai yana jiran nama, a cikinta, ƙafa ashirin daga ƙasa. Na shiga daji da sanyin safiya da bindiga da fulas cike da kofi, na fito da azahar da bindiga da fulas wayam, ko ƙafar kujerar ban gani ba.

Marlys, uwargidana, tana bakin murhu tana soya albasa. Ko juyowa ba ta yi ba.

"Ina naman?"

"Ban kai ga nama ba tukuna. Kujerar nake nema."

"An sake sacewa?"

"A'a, ɓoye ta na yi."

"Wa ka ɓoye wa?"

"Barewa mana."

"To, tsoho, sai ka nemo barewar ta nuna maka."

Kada ku yi saurin dariya, jama'a. Ku bari in faɗa muku masu laifin, don ni a wannan magana wanda aka zalunta ne.

Gundumarmu tana da wani kwamiti mai kula da dajin jama'a, Allah ya ƙara musu lafiya da kujeru masu laushi. Shugabansu, wanda mu a shagon kofi muke kira Mai Girma Sarkin Ganye da Rassa, shi ya fito mana da sabuwar doka bara. Duk kujerar dako sai an rataya mata allo ruwan lemo, da sunan mai ita da adireshinsa, da baƙaƙen da za a karanta daga taku hamsin. Ba a saran ɗanyen reshe. Ba a lulluɓe kujera da komai. Wanda ya saɓa, a karɓe lasin farautarsa shekara uku. Wato dai ka ɓuya, amma a fili.

Muka ce, ranka ya daɗe, barewa fa? Suka ce masana sun tabbatar barewa ba ta rarrabe ruwan lemo. Na yarda, ban yi karatun da suka yi ba. Amma tana da kunne, allon nan kuwa in iska ta taso yakan yi ta bugun bishiya kamar mai sallama a gidan kurma.

Duk da haka bara na bi doka, ni mutumin kirki. Na rubuta sunana manya-manya. Barewa ko ɗaya ba ta zo ba, amma ɓarayi sun zo, don ba su sha wahalar nema ba. Suka kwance kujerar, suka bar mini allon. Na je ofis na kai ƙara, wani mai farar riga ya ce, "Da allo a jikinta?" Na ce da shi. Ya ce, "Madalla, to ba ka da laifi." Ya ci gaba da cin burodinsa. Hunturun nan kaf, firizarmu ba ta ga naman barewa ba, jikokina suka zo Kirsimeti suna tambayar kilishin Kaka, na ce musu barewar bana ta tafi hutu.

Saboda haka bana na ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Na ƙera sabuwar kujera a garejina. Tun watan Oktoba na ɗauki Elroy, ƙanen Marlys, wanda tun ranar aurenmu yake zolayata bai gaji ba, muka shiga daji. Na zaɓi bishiya mai rassa uku manya, yadda in na zauna jikina zai saje da gangar. Rana a bayana, iska a fuskata. Na naɗe ƙarafan da tsohon buhu don kada su yi ƙara, na shafe su da taɓo, na jero rassa masu ganyen allura na kewaye ta. Yawancinsu tsintarsu na yi a ƙasa. Sauran kuma, to, na taimaka musu suka faɗo. Tsanin ma ban bar shi a tsaye ba, na kwantar da shi a gindin bishiyar na rufe da busasshen ganye. Allo kuwa yana gida, Marlys tana yanka kabeji a kai.

Elroy ya ja da baya ya ɗaga kai ya duba, ya ce, "Norb, wallahi ko ni da na riƙe maka igiya ban ganta. Yaya za ka gane wurin?"

Na ce, "Kai dai yaro ne. Ka ga tsohon allon ƙarfen can na bakin hanya, mai tsatsa? Daga shi taku ɗari uku gabas, sai rafi, sai bishiyata."

Wannan allo, jama'a, shekara ashirin da biyu kwamitin nan yana alkawarin cire shi. Duk lokacin zaɓe sai a ce an kusa. Sun yi alkawarin gyara gadar rafi, tana nan a karye. Sun yi alkawarin kafa ƙarfen waya don a riƙa samun sabis a daji, har yau sai ka hau kan mota ka ɗaga hannu. Ni kuwa na dogara da cewa alkawarinsu ya fi dutse zama wuri guda. Ashe a cikin alkawuran duniya, wannan kaɗai suka ga damar cikawa, mako ɗaya kafin farauta. Har da biki aka yi, da ɗaukar hoto. Ana wata ga wata, daren Juma'a dusar ƙanƙara ta sauka ta mai da kowace bishiya 'yar'uwar kowace.

Asabar na nema. Lahadi bayan coci na nema. Litinin na nema. Elroy kuwa tun ranar farko ya harbi tasa a bayan gonarsa, yana zaune a kan bokiti. Lasin ɗaya, barewa ɗaya, saboda haka ya rataye bindiga, ranar Talata ya biyo ni hannu rabbana, wai taimako.

"Ka gwada kiran sunanta," in ji shi, "ko za ta amsa."

"Rufe mini baki."

"Ko mu koma ofis mu ce a wannan karon kai ka saci kayanka?"

Abin da ke cina a rai ba kujerar kaɗai ba ce. Akwai wani namijin barewa mai ƙaho rassa goma da muke kira Dattijo. Shekara uku ina bin sawunsa, kuma hanyarsa ta zuwa rafi a ƙarƙashin bishiyar nan take. Kwana tara ne farautar duka, huɗu sun tafi, gwiwoyina kuma ba su yi mini alkawarin baɗi ba.

Wajen tsakar rana muna tafe bakin rafi sai muka ji murya daga sama, siririya, tana rawa.

"Jama'a! Akwai mutum? Don Allah!"

Elroy ya cire hula. "Norb, ta amsa."

Muka bi muryar. Ga bishiya mai rassa uku, ga tsanina kwance a kan ƙanƙara, can sama kuma a tsakiyar rassan da na jera, ga wata fuska ta leƙo, hanci ja wur, gashin baki ya daskare. Na san fuskar nan. Tana jikin kowane turken lantarki duk shekarar zaɓe. Mai Girma Sarkin Ganye da Rassa ne da kansa, a kan kujerata, rungume da bindiga sabuwa fil, ko rigar ruwan lemo da doka ta ce kowa ya sa babu a jikinsa.

Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Daga baya muka ji yadda aka yi. Ranar bikin cire allo ya kewaya bayan bishiya don wata 'yar buƙata, ya yi tuntuɓe da tsanin, ya ɗaga kai ya ga abin da ya gani. Bai kai rahoto ba, ya ajiye a zuciya. Ranar Talatar nan da sassafe ya zo shi kaɗai ya jingina tsani ya hau, garin gyara zama ya shure shi da ƙafa. Awa biyar yana sama, waya ba sabis.

Na cire hula ni ma, na rusuna. "Ranka ya daɗe, barka da hutawa."

"Malam, ɗaga mini tsanin nan, ƙafafuna sun mutu."

"Yanzu kuwa, yallaɓai. Sai dai ina tsoro. Kujerar wa ce wannan? Ban ga allo ba."



Elroy ya ce, "Kuma kamar an lulluɓe ta, ranka ya daɗe. Ga ɗanyun rassa. Wannan ai shekara uku ne. Ko don kai ne a kai, taka ce?"

"Ba tawa ba ce!"

"Au, ta wani ka hau?"

"Bawan Allah," in ji shi, haƙora na kaɗawa, "ko ta wace ce, ni ban ga komai ba. Ban ga rassa ba, ban ga buhu ba. Ku sauko da ni."

Na so in ja zancen, don irin wannan rana sau ɗaya take zuwa a rayuwar talaka. Na so in tambayi gada, in tambayi ƙarfen waya, tunda yau ga shi ya ɗanɗana. Amma na dubi leɓensa ya koma shuɗi, hannunsa ko bindigar ba ya iya saki. Sanyin dajin nan ba ya tambayar muƙami, na san mutum biyu da ya kashe. Na ce wa Elroy wasa ya ƙare.

Muka ɗaga tsani. Mutumin ya kasa ko miƙe ƙafa, dole Elroy ya hau ya karɓi bindigarsa ya rataya, ya riƙa ɗora masa ƙafa a kan matakala ɗaya bayan ɗaya kamar mai koya wa jariri tafiya. Ni kuma na jingine tawa bindigar a gindin bishiya, na rungume tsanin da hannu biyu, don ƙasa santsi ce, ga ƙarti biyu a kai, Mai Girma kuwa ba a banza ya shekara goma yana halartar liyafa ba.

Suna tsakiyar tsani na ji ƙaras a bayan rafi. Na juya ido kawai. Dattijo ne. Ya fito daga cikin kurmi a natse, ƙahon nan kamar an ɗora masa kujera a ka, ya tsaya taku talatin, ya ba ni gefensa sosai yadda maharbi yake roƙo a addu'a. Iska na fuskata, bai ji warinmu ba. Bindigata tana nan, taku ɗaya daga hannuna na dama.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na yi lissafi. Ƙafa goma ce ta rage musu, dusar ƙanƙara kuma tana da laushi. Elroy ƙashinsa da ƙwari. Shekara uku ina jiran wannan tsayuwa. Hannuna na dama har ya fara sassautawa, tsanin ya ɗan zame, na ji Mai Girma ya kira sunan mahaifiyarsa. Na mai da hannu na ƙanƙame.

Sai ga Mai Girma ya hango abin da nake kallo, ya buɗe murya iya ƙarfinsa, irin ta taron siyasa: "Malam! Ga barewa can! Ga barewa!"

Dattijo ya ɗaga farar wutsiyarsa, tsalle biyu, daji ya haɗiye shi. Ta leƙo ta koma.

Muka sauko da Mai Girma, na ɗura masa sauran kofina, muka sa shi a a-kori-kurata muka kunna masa ɗumi har jini ya dawo fuskarsa. Ya riƙe hannuna ya ce ba zai manta da ni ba har abada. Ya tambayi sunana da adireshina, ni kuma sakarai na faɗa masa, har da lambar gida. Sauran kwana biyar ɗin na zauna a kujerata tun safe har yamma, ban ga komai ba sai kurege. Elroy ya aiko mana da cinya ɗaya, da 'yar takarda wai sadaka ga mabuƙata.

To, bai manta da ni ba. Jiya wasiƙa ta iso, da tambarin kwamiti. Sakin layi na farko ya ce Mai Girma Shugaba, saboda kishin aiki, ya kai ziyarar bazata cikin daji, inda ya shafe awa biyar a kan wata kujerar dako yana binciken ingancinta da kansa, cikin tsananin sanyi, kuma kwamiti ya miƙe tsaye ya tafa masa. Na biyu ya ce binciken ya gano kujerar ba ta da allo, amma bisa tausayin Mai Girma an yafe wa mai ita, da sharaɗin ya kwance ta cikin kwana uku. Na uku ya ce babban abin da aka gano shi ne haɗarin tsani, saboda haka an kafa ƙaramin kwamiti na musamman kan harkar tsani, kuma ana gayyatar Malam Norbert Zielke ya zama wakilin jama'a a ciki, saboda gogewarsa.

Na karanta wa Marlys. Ta ce, "Ana ba da abinci?"

Na duba ƙasan takardar. "Kofi da waina mai zaƙi."

"To je ka. Ko ba komai ka dawo gida da wani abu a hannu."

Na amsa musu zan zo. Zaman farko ranar Alhamis ne, a ɗakin taro na saman bene. Elroy ya roƙe ni in duba masa abu ɗaya kawai in na je: matakalar benen, a gine take, ko jingina ta aka yi?