Almakashin Baba Kuwabara

Jama'a, yau da safe na je sayen awara wurin maƙwabcina Ikeuchi, sai mutumin ya tsaya da ludayi a hannu yana kallon kaina kamar ya hango gobara.

"Kai, Morishita, wa ya yi maka wannan aika-aika? Juya in ga ƙeyar."

Na juya. Ya yi dariya har da dafa bango.

"Gefen dama na ango ne, hagu kuwa gonar shinkafa ce bayan guguwa. Ka kai ƙara?"

Na ce ba inda zan kai ƙara, surukina ne ya yi mini, kuma sai da muka sha wahala kafin a bar shi ya yi. Ya ce ba zai ba ni awara ba sai na ba shi labari. Tunda shi ya ji, ku ma ga naku.

Surukina, Baba Kuwabara, mai aski ne tun kafin a haifi matata Sumie. Rabin kawunan garin nan ta hannunsa suka bi. Bara ya zame a banɗaki ya karya ƙugu, sai ya bar wa Tetsuo shagon, wato wanda ya koya wa sana'a, shi ma yanzu furfura ta cika masa kai. Da yake ni da Sumie duk muna fita aiki, muka sa Baba a cibiyar kula da tsofaffi ta unguwa. Mota ta ɗauke shi da safe, ta dawo da shi da yamma.

Cibiya ce mai kyau, ba zan yi mata sharri ba. Ƙasa na ƙyalli, shayi da ɗumi. Sai dai abin da ake yi a ciki iri ɗaya ne ga kowa: a naɗe takarda a yi tsuntsu, a rera waƙar yara, a tafa. Tsohon masunci tsuntsun takarda, tsohuwar malamar lissafi tsuntsun takarda. Baba kuwa, mutumin da a da sai ka roƙe shi ya yi shiru ya ƙarasa maka aski, ya koma ba ya cewa uffan. Ya fara barin shinkafa a kwano, wandonsa ya fara zamewa daga ƙugu. Na sha samun Sumie a kicin tana share ido, tana cewa albasa ce, alhali kifi take gasawa.

Ana cikin haka sai manyanmu masu hangen nesa suka wayi gari da sabon shiri, mai suna "Mutum Shi Ne Gaba". Daga yau, in ji su, kowane tsoho za a tambaye shi abin da ransa ke so. Ni dai na yi mamaki da aka ce sai an kafa shiri kafin a tambayi mutum, amma wane ni da sanin sirrin ofis?

Aka yi bikin ƙaddamarwa a harabar cibiyar. Yallabai Babban Mai Kula da Masu Kulawa ya zo da kansa, da mataimakinsa, da mataimakin mataimakinsa. Aka jera tsofaffi a rana su saurari jawabi a kan muhimmancin sauraron tsofaffi. Da aka zo yanke jan ƙyalle, manyan suka jeru da fararen safar hannu, kowa riƙe da almakashi mai ruwan zinariya. Ina tsaye bayan keken guragun da Baba ke zaune a kai, sai na ji muryar da na yi makonni ban ji ba.

"Su an ba su almakashi."

Washegari aka tambaye shi abin da yake so. Bai yi dogon tunani ba, ya ce, "Almakashina."

Nan fa ake yin ta. Almakashi ƙarfe ne mai kaifi, ƙarfe mai kaifi kuwa sai kwamiti. Kwamitin ya zauna, ya sha shayi, ya kafa ƙaramin kwamiti. Ganyen itatuwa ya yi ja ya kaɗe, har yanzu ba amsa. Na gaji na je wurin shugaban cibiyar, na rusuna yadda ya kamata.

"Ranka ya daɗe, maganar almakashin Baba ce."

"Ai an tambaye shi, Morishita. Shirin ya ce a tambaya, mun kuwa tambaya. Mu ne ma muka zo na ɗaya a gunduma wajen tambaya."

"To, ba za a ba shi ba?"

"A'a, bayarwa ai wani sashe ne daban."

Daga baya dai aka tausaya mana. Aka kawo wa Baba almakashin roba, shuɗi, mai hannu kamar kunnen zomo, irin na 'yan makarantar reno. Ya juya shi gaba da baya, ya miƙa wa ma'aikaciyar da ta kawo, ya ce ta gaida wanda ya aiko.

Ma'aikaciyar nan sunanta Nagase, mace ce da ta manyanta, kullum tana dafe da baya saboda ɗaga tsofaffi. Ita ce ta lura cewa Baba ba fuskar mutane yake kallo ba, ƙeyarsu yake bi da ido. Wata rana ta durƙusa gabansa ta juya masa baya.

"Baba, yaya ka ga gashina?"

"Wanda ya yanke miki shi kun taɓa faɗa?"

Ta ce a ranar sai da suka yi hira har motar yamma ta iso. Bayan kwana biyu ta kira mu.

"Dokar ta hana almakashi a cikin cibiya," in ji ta. "Amma ba ta hana fita yawo ba. Muna kai su kallon furanni, muna kai su kasuwa. Me zai hana yawon Baba ya zama shagonsa?"

Ba da ka ta yi abin ba. Ta tambayi mai gasa wa Baba ƙashi ko zai iya yin aski yana zaune a kujera mai tudu, ta je ta ga Tetsuo, ta sanar da shugaba, shi kuma da ya ji abin ba a harabarsa zai faru ba ya sa hannu da sauri. Ta kuma tambayi Baba ko da aska zai yi aiki. Ya kalli hannunsa ya ce, "Aska ta wuce ni. Almakashi dai."

Saura abu ɗaya, kan da za a aske. Sumie ta kalle ni. Na kalli rufin ɗaki. Ta ci gaba da kallona. Ku da kuka yi aure kun san yadda irin wannan shawara take ƙarewa.

Jiya muka je. Tetsuo ya tarbe mu a bakin ƙofar shagon ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa gwiwa. Baba bai ko amsa gaisuwar ba.

"Haka na bar maka madubin nan? Goge shi."

Tetsuo ya goge yana murmushi, idonsa ya yi ja. Aka ɗora Baba a kujera mai tudu, Nagase na tsaye daf da shi, aka ɗaura mini farin ƙyalle a wuya.

"Zauna da kyau, Morishita. Kunnuwan nan naka suna nan kamar hannun tukunya. Tun ranar da ka zo neman 'yata na ce yaron nan ba a yi masa aski, sai dai a kewaye."

Almakashi ya fara ƙas-ƙas, baki kuma ya buɗe. Ya ba mu labarin wanda ya yi barci a kujerar nan ya farka ba gashin baki. Ya zagi askin samarin zamani. Gefen dama ya fito tsaf. Da ya zagayo hagu sai gajiya ta kama shi, almakashi ya soma kauce hanya, ni kuma na rufe ido ina yi wa kunnena ban kwana. Kunnen ya tsira, gashin ne bai tsira ba.

Tetsuo ya matso zai gyara, na girgiza masa kai, don na ga Baba yana kallonmu ta madubi.

"Hagun bai yi ba," in ji Baba.

"Ya yi, Baba."

"Ƙarya kake. Ka dawo in ya tsiro, zan fara ta nan."

Da muka koma gida ya cinye shinkafarsa da miyar miso ta waken suya, ya miƙa wa Sumie kwano ta ƙara masa. Ta juya ta shige kicin, wannan karon ba ta ɗora wa albasa laifi ba.

To, labari ya riga mu isa ofis, domin tun ana shirin fitar shugaban cibiyar ya kai rahoto sama. Yallabai ya ji daɗi ƙwarai, ya ce wannan ɗan itacen da suka shuka ne ya nuna. Kuma da yake shi mutum ne mai adalci, ba ya son a fifita wani tsoho a kan wani, ya ba da umarni cewa daga wata mai kamawa kowace cibiya a gundumar nan za ta riƙa yin "Ranar Aski". Kowane tsoho za a ba shi mataji da almakashin roba, ya yi ta fama da kan 'yar tsana.

Ɗazu Nagase ta kira ni tana dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta ce akwai wata Iya Uchida da aka kawo kwanan nan, wadda duk rayuwarta ganyen shayi ta noma, kullum tana manne da taga tana kallon ciyawar harabar. Ko na san wani mai ɗan lambu?

Na ce akwai na bayan gidan Ikeuchi, ciyawa ta cinye shi, zai ma yi godiya.

Roƙona gare ku masu karatu shi ne, maganar nan ta tsaya tsakaninmu. In ta kai kunnen Yallabai, kafin bazara duk tsohon da ke gundumar nan an miƙa masa fartanyar roba.