Ranar da Na Wanke Aikin Rukayya

Da aka zaɓi Rukayya, ƙanwar mijina, za ta Turai a zagaya gari-gari da aikinta na zane, tuwo ma kasa ci na yi. Tsofaffin buhunan taki fa ta ɗinke, ta shafe da jar ƙasar gonarmu. Ni kuwa zannuwan gadon da nake ɗinkawa ko Malumfashi ba su wuce ba!

Ranar da ta tafi Funtua, na goya Abba, na ce bari in fitar da gidanmu kunya. Na wanke buhunan tas.

Ta dawo ta tsaya gaban igiya. "Anti, ƙasar ai ita ce zanen! Jibi za a karɓa!"

Kwana biyu ina kwaɓa mata laka.

Har yau in na ɗauki bokiti sai uwar mijina ta ce, "Ku tare ta, kada ta wanke mana gona!"