Akushin Malam a Cikin Inji

Me ya kai ni saka akushin Malam a cikin injin nan? Malam ya rasu, kullum ina kukan rashinsa, amma har yau amsar ta gagare ni.

A zamanin siyasa ne autanmu Bello ya samu kwangila, ya kawo mana injin wanke kwanuka har Bodinga. Da na gwada shi, sai kwanukan suka fito da ƙanzon tuwo a jikinsu. Ni da na tsufa ina dirzar tukwane, nan take na gano cutarsa: ba a ba shi toka da yashi ba. Na zuba masa tafi biyu, ya fara gurnani.

Malam ya leƙo ya ce, "Hajiya, ki bar abin ga hakanan."

Na ce, "Ai yanzu ya kama aiki, Malam. Tsaya ka gani."

Na ɗauko akushinsa, gadon mahaifinsa daga Shagari, wanda ba ya cin tuwo sai a cikinsa. Na saka, na ƙara tafasasshen ruwa, na rufe. Injin ya yi tari ya mutu, akushi ya fito a rabe biyu.

Malam ya daɗe yana juya ɓarin biyu a hannunsa. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Sannu, Injiniya."

Tsada ta shigo, kayan gyara suka ɓace, kaji suka mayar da injin wurin saka ƙwai. Sunan kuwa ya bi ni har gidajen biki.

Ranar da zai cika, na ba shi kunu a ƙwarya. Ya kurɓa, ya riƙe hannuna ya ce, "Injiniya, wagga ƙwarya, don Allah da hannu za ki wanke ta."