Kek ɗin Baballe da yashin tifa

"Ni da na yi aiki a babban otal na Ikeja, ni za a nuna wa kek? Hannun nan ya taɓa kek ɗin da gwamna ya yanka!"

Haka Baballe ya faɗa a tsakar gidan hayarsu da ke Agege, ya ɗaga hannun sama don kowa ya gani. Kuma bai yi ƙarya ba, hannun ya taɓa. Abin da bai faɗa ba shi ne, a bakin get yake aiki, kuma ranar da aka kawo kek ɗin shi aka ce ya riƙe gefen kwali a shiga da shi. Tun daga ranar, in dai ana maganar fulawa, to sai a yi shiru, Malam Baballe zai yi bayani.

Shekarar da wayar salula ta shigo gari ce. Soja sun koma bariki, kowa ya samu bakin magana, Baballe kuwa da ma nasa bai taɓa zuwa hutu ba. 'Yarsa Surayya ta sauke Alƙur'ani, an sa walima ranar Asabar a makarantar Islamiyyarsu. A unguwar kuwa yara sun mai da abin gasa, duk wadda ta yi sauka sai an ajiye mata kek a kan tebur. Matarsa Zuliha ita ke yi wa rabin layin kek. Ba ta da wani kayan aiki sai babbar tukunya, da yashi a gindinta, da risho. Ta ɗora gwangwanin kwaɓi a kan yashin, ta rufe, ta koma wankinta. Haka take yi shekara da shekaru ba wanda ya taɓa dawo mata da shi.

Sai ga mahaifiyar Zuliha, Hajiya Uwa, ta iso daga Gusau don walimar jikarta. Ba ta daɗe da dawowa daga aikin Hajji ba, haƙorin Makka na walƙiya a bakinta. Buƙatarta ɗaya ce a Ikko, a kai ta ta ga teku. Baballe ya ce ai wannan ƙaramin abu ne, da an gama walima zai ɗauki shatar danfo, ƙaramar bas ɗin haya. Hajiya ta ce Allah ya kai mu. Ta san surukinta, wancan zuwan ma haka ya ce.

To ganin Hajiya ne ya tayar wa Baballe da tsohon ciwonsa.

"Maman Surayya, bana ki huta," in ji shi. "Kek ɗin 'yata ni zan yi. Hawa uku, kamar bene."

"Baban Surayya, ka taɓa yi kuwa?"

"Na taɓa gani ana yi a inda ake yi. Wannan tukunyar taki ta ƙauye ce. Yashi fa! Muna Legas, a mulkin farar hula, ana gasa abinci da yashi?"

Kafin ta ce wani abu ya ɗauki tukunyar, ya fita ƙofar gida, ya juye yashin a cikin kwatami. Yashin da Zuliha ta wanke, ta tankaɗe, ta shekara tana gashi da shi. Ta bi shi da kallo, ta ce, "To." Duk mai aure ya san irin wannan "to" ɗin, ban da Baballe.

Surayya kuwa murna kamar ta tashi sama. Kafin la'asar ta gaya wa duk 'yan ajinsu cewa babanta na otal zai yi mata kek hawa uku. Ta dawo ta riƙe masa riga, ta ce, "Baba, na faɗa wa kowa fa. Har Malama." Ya ce ta ƙara faɗa wa na ajin gaba.

Ranar Juma'a da safe ya tafi kasuwar Jankara, ya dawo da obin tokumbo, wato akwatin gashi na lantarki kwancen Turai, ya rungume shi a bayan okada kamar jariri. Ƙofar obin ɗin da waya aka ɗaure ta, kuma rubutun jikinsa ba wanda ya san ko yaren wace ƙasa ce. Baballe ya ce wannan ne shaidar na asali ne. Bayan an sauko daga masallaci Zuliha ta ɗauki Hajiya da Surayya suka tafi gidan kitso da lalle. Gida ya zama na gwani.

Ya fasa ƙwai, ya tsamo ɓawon da ya gani, wanda bai gani ba ya bar wa Allah. Ya zuba fulawa da bota da sukari, ya dinga bugu da muciya yana zufa. Maganar gaskiya kwaɓin bai yi muni ba. Ya cika gwangwani uku, ya jera a obin, ya yi bismillah, ya soka a soket.

Sai aka ji fas! Ƙauri ya tashi, fanka ta tsaya, rediyon ɗakin gaba ya yi shiru a tsakiyar labarai. Iya Risika, Bayarabiyar da ke sayar da ƙanƙara a ɗakin ƙarshe, ta fito da ɗaurin ƙirji.

"Baba Surayya! Kai ne ka kashe mana wuta, abi? Firij ɗina cike yake o!"

"Wutar ƙasar nan ce ba ta kai ƙarfin injin ba," in ji Baballe. "A Ikeja layi na musamman muke da shi."

"To ka koma Ikeja jare!"

Bai kula ta ba. Ya jera gwangwanayen a faranti, ya rufe da tawul, ya nufi gidan burodin da ke bayan layin dogo, inda mata kan kai kek a gasa musu in an kwashe burodi. Dabara ce mai kyau, da ya bi ta da yanzu ba mu da labari. Amma yana leƙawa wa zai gani a bakin wuta? Oumarou, mutumin Maraɗi, wanda ya yi aiki a kicin ɗin otal ɗin nan na Ikeja.

"A'a! Baballe mai get!" in ji Oumarou da ƙarfi, a gaban masu tallar burodi. "Kwana da yawa! Me ka ɗauko haka?"

"Ba komai. Wucewa nake na ce bari in gaishe ka."

"Da faranti a ka?"

"Na wani ne."

Ya juya da sauri, ya yi tuntuɓe da ƙarfen dogo. Hawa na uku ya kife a ƙasa, wata akuya ta zo ta yi masa ta'aziyya. Hawa na biyu ya malale a cikin tawul. Baballe ya iso gida da hawa ɗaya da rabin numfashi.

Yanzu ba abin da ya rage sai tukunyar ƙauye. Ya tsaya yana kallonta, ita ma tana kallonsa, wayam ba yashi. Ya ɗauki bokiti ya zagaya inda ake wani gini a bayan layi, inda tifa ta juye yashin da ake haƙowa daga gefen teku. Ya ɗebo shi da danshinsa da tsakuwarsa, bai wanke ba, bai tankaɗe ba.

Matsalar ita ce, duk shekarun nan Baballe bai taɓa leƙa tukunyar matarsa ba. Ya dai san akwai yashi, amma bai san inda yashin ke zama ba. Iya Risika na zaune tana kallonsa, tambaya ɗaya ta isa. Amma wanda ya taɓa kek ɗin gwamna ba ya tambayar mai ƙanƙara. Sai ya tuna kakarsa tana suyar gyaɗa: a zafafa yashi, a binne gyaɗa a ciki, in ta yi a tankaɗe. Ya ce ai kimiyyar ɗaya ce. Ya zafafa yashin, ya haƙa rami a tsakiya, ya sa gwangwanin kwaɓi a buɗe, ya mayar da yashi ya binne shi, har da daddannawa.

"Baba Surayya," in ji Iya Risika, "wa ya mutu?"

"Ke dai ki zuba ido."

Abin mamaki, ya gasu. Da ya tono shi ya kakkaɓe, sai ga shi jawur, sama na ƙyalli kamar an barbaɗa sukari. Ya kwaɓa ayisin, farin sukarin nan na ado, ya shafe shi tas kamar mai yi wa ɗaki filasta.

Da matan suka dawo, Surayya ta zagaya shi, ta ce a hankali, "Baba, ina sauran hawa biyun?"

"Turawa sun daina yayin hawa uku. Yanzu duk a dunƙule ake yi."

Zuliha ta gwada ɗaga farantin, ta ajiye. "Ya yi nauyi."

"Botar ce. Ban yi rowa ba."

Ta leƙa tukunyarta, ta dubi mijinta, ta sake cewa, "To." Daga nan ta ɗauki sauran fulawa a ƙullin leda ta shige ɗakin Iya Risika, ta ce za ta yi mata jajen ƙanƙara.

Ranar Asabar makaranta ta cika. Surayya ta yi karatunta tiryan-tiryan, muryarta ko rawa ba ta yi ba, har Hajiya ta share hawaye. Aka zo kan tebur. Baballe, cikin babbar riga, ya karɓe lasifika daga hannun Malama ya yi bayanin yadda ake gasa kek a manyan otal, har aka fara duba agogo. Sannan ya ɗauki wuƙa.

Wuƙar ta shiga da wata ƙara kamar ana wasa ta. Ya danna da hannu biyu. Yankan farko ya ɗora a faranti, ya tafi gaban surukarsa ya durƙusa.

"Hajiya, ke za ki buɗe mana."

Hajiya ta yi bismillah ta gatsa. Garas! Har na layin baya sun ji. Ta daina tauna. Yara kuwa ba su jira ba, an riga an miƙa musu, sai ga su a bakin kwata suna tofarwa, wata na cewa da ƙarfi, "Malama, kek ɗin Surayya da ƙasa a ciki!" Surayya ta sunkuyar da kai, idonta ya ciko. Baballe na nan durƙushe a gaban Hajiya, wallahi har ya ba ni tausayi.

Sai ga Zuliha da Iya Risika sun shigo da faranti a rufe. Kek ne hawa ɗaya, ƙarami, ba ado, an gasa shi a tukunyar aro. Yara suka yi kansa, aka cinye har ɓurɓushi, Surayya ta goge ido tana dariya da baki cike. Ganin haka sai muryar Baballe ta dawo.

"Ai da ma haka muka tsara," in ji shi. "Nawa na ado ne, na kallo. A Ikeja haka ake yi."

Kowa kuwa ya koma kallon Hajiya. Ta sa yatsa biyu a baki a hankali, ta zaro haƙorin Makka ta ajiye a gefen faranti. Ta sake komawa, ta zaro wata 'yar ƙaramar katantanwa, fara sol, irin ta ruwa. Ta ɗaga ta a haske ta juya ta, ta ajiye kusa da haƙorin.

"Malam Baballe," in ji ta.

"Na'am, Hajiya."

"Maganar danfon nan ta gobe, a bar ta. Na ga tekun, har na ɗanɗana."